Ƙarfen da Haidar Ya Cire

Ranar Talata aka kawo jif ɗin, farkon watan Mayu, ana wani yayyafi mai sanyi da ya ƙi ɗaukewa tun asuba. A kan tirela aka jawo ta har ƙofar garejin Katung da ke garin Sterling, can ƙasar Turawa. Tsohuwar motar soja ce ta zamanin yaƙin duniya na biyu, koriya, da farin tauraro a bonet. Mai ita wani dattijon Bature ne, Clinton, dogo, yana ɗan ɗingishi.

Haidar, mai waldan garejin, yana ƙarƙashin wata tasi ya ji Katung na kiransa.

"Malam, fito ka ga aiki."

Clinton ya shimfiɗa takarda. Zane ne na bututun ƙarfe a tsaye bayan kujeru, da maƙali mai juyawa a samansa. Mazaunin bindiga. Ya ce bindigar ta bogi ce, ta aluminiya, bakinta ma a toshe yake. Fareti zai shiga da ita ƙarshen wata, ranar tunawa da sojojin da suka mutu. Motar ta mahaifinsa ce, ya ce, sannan ya nuna musu inda tsohon ya karce sunansa da ƙusa a daɓen motar.

Haidar ya dubi zanen, ya dubi mutumin. Saura mako biyar ya shiga intabiyu ta zama ɗan ƙasa. Gareji kuwa sun fi goma a wannan layin. Me ya kawo shi garejin da mai waldansa ke shimfiɗa darduma a bayan kwantena?

Da Clinton ya tafi, Haidar ya ce, "Oga, wa ya turo shi?"

"'Yarsa, Olive. Asibiti ɗaya suke da matata."

"Kai ka taɓa ganin Olive ɗin?"

"Sau biyu ta ci tuwo a gidana, har da ƙari. Kai da kake tambaya, rabonka da gidan tun Kirsimeti." Katung, mutumin Kagoro, ya yi dariya ya miƙa masa zanen. "Ka yi aikinka, Malam. Ba kowane Bature mai ɗingishi ne ɗan leƙen asiri ba."

Akwai abin da Katung bai sani ba. A Maiduguri Haidar ya koyi walda, kuma a shekarun da gari ya rikice, shagon ubangidansa ya yi wa 'yan sa-kai irin wannan mazaunin a bayan motoci, ya fi sau talatin. Shi dai bai taɓa riƙe bindiga ba. Da takardun shige da fice suka tambaye shi maganar makamai ya rubuta a'a, yana ganin gaskiya ya faɗa. Amma ya san yadda gaskiya ke komawa idan wani ne ya fara faɗinta a madadinka.

Kwana uku ya yi a kan aikin. Zanen ya ce a ɗaure gindin bututun a daɓe da noti huɗu. Da ya shiga ƙarƙashi ya taɓa daɓen, ya ji shi kamar gwangwanin madara. Bai tsaya tunani ba. Ya yanko fallen ƙarfe mai kauri ya kafa shi ta ƙasa, ya ɗaure shi da shasi, ƙashin bayan motar, hagu da dama, ya ƙara tokare biyu. Haka ubangidansa ya koya masa: ba daɓe ke ɗaukar nauyi ba, shasi ne.

Ranar Juma'a Clinton ya zo dubawa. Ya girgiza bututun, ko motsi. Sai ya nemi kwali, ya kwanta da ƙyar, ya haska ƙarƙashin da tocila. Ya daɗe a can.

"Wannan babu shi a zanena," ya ce.

"Daɓen ne ba ƙarfi."

"Na sani. Amma masu gyaran da na sani ba sa yin haka. Sai wanda ya ga abin yana aiki da gaske. A ina ka koya?"

"A intanet."

Clinton ya yi murmushi, ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya sake ɗauka. "Zan nuna wa mutanenmu."

Waɗanne mutane? Haidar bai tambaya ba. Da wannan kalmar ya wuni Asabar da Lahadi. Ya ga wata farar mota a tsallaken masallaci, ya ƙi fita ta ƙofar gaba. Matarsa Shafa'atu ta tambaye shi ko cikinsa ne, ya ce e.

Litinin da sassafe, kafin Katung ya iso, ya kwance fallen da tokaren, ya goge wurin da giranda, ya fesa koren fenti. Ya tura ƙarafan can ƙasan kwandon bola. Ya bar noti huɗu, daidai da zane. In sun zo da hoto, to su kwanta su duba. Da aka zo ɗaukar motar, Clinton bai sake neman kwali ba.

Ranar faretin Katung ya matsa masa sai sun je. Kafin a fara, wasu tsofaffi uku masu hulunan soja suka kewaye su.

"Kai ne na hoton?" in ji ɗaya, ya kama hannun Haidar da hannu biyu. "Jif uku muke da su a ƙungiyarmu, duk sai ka yi mana irinsa. Clinton ya ce ko giwa ta jingina ba zai motsa ba. Shi ya sa yau zan miƙe tsaye a bayan bindigar, shekara shida ke nan a zaune nake yi."

Tsohon ya kai shekara tamanin da biyar. Haidar ya buɗe baki, aka busa usur, aka kama tsohon aka hau da shi jif ɗin Clinton. Ya tsaya a bayan bindigar, ya riƙe ta da hannu biyu.

Ba su yi nisa ba masu ganguna da ke gaba suka tsaya ba shiri. Clinton ya taka birki. Tsohon ya tafi gaba da duk nauyinsa, daɓen ya yage da ƙara, bututu da bindiga da mutum suka faɗa kan gilashi.

Bayan motar asibiti ta tafi da shi, Clinton ya durƙusa a kan kwalta ya leƙa ƙarƙashin jif ɗin. Ya miƙe, ya nemo Haidar da ido a cikin jama'a, ya dube shi. 

A mota, sai da suka kusa gareji Katung ya yi magana.

"Ina ƙarfen?"

Haidar ya faɗa masa, tun daga Maiduguri.

"Shekara huɗu muna shan shayi a kofi ɗaya," in ji Katung. "Ni ma cikin mutanen nasu ka sa ni?"

Mako guda bayan nan Haidar ya shiga intabiyu. Minti ashirin aka yi. Jami'ar da ke yin intabiyun ta tambaye shi sunan kogi da yawan sanatoci, ta ce ya ci.

Abin da ya tafi shi ne: gilashin gaba ɗaya, bindigar bogi ɗaya, daɓen jif da rabin sunan mahaifin Clinton, wuyan hannun tsoho da ya karye wuri biyu, aikin jif uku, da makullin gareji, wanda Katung ya karɓa daga hannun Haidar ranar Talata ya rataye a ƙugunsa.