Ƙwan Fitila a Hannun Baba

Tasin Auta ba ta da wata cuta sai cin ƙwan fitila. A sa mata sabo yau, kafin a je ko'ina ta koma mai ido ɗaya. Ya canja shago, ya canja batir, ya zagi masu kamfani har ya gaji.

A gidansu kuwa akwai doka: ƙwai ba ya shiga mota sai ya bi ta hannun Baba. Mahaifin nasa tsohon direban babbar mota ne, ido ya tafi, kuma aikin da ya rage masa a duniya ke nan. Zai zaro ƙwan daga kwali, ya murza gilashin da babban yatsa, ya kai kunne ya girgiza, sannan ya yanke hukunci: "Wannan zai yi." Ranar har abinci ya fi ci.

Da abin ya ishi Auta, ya kai wa mai gyaran wayar mota mataccen ƙwan. Mutumin ya juya shi, ya ga gefe ɗaya ya kumbura ya yi baƙi.

"Wa ke taɓa maka gilashin?"

"Ba kowa."

"To, ba kowan nan yana da babban yatsa. Wannan halojin ne, ba irin na da ba. Zaren ciki in ya ɗau zafi yana zubar da ƙarfensa, iskar da ke ciki ta kwaso ta mayar masa, shi ya sa gilashin ke zafi kamar me. Maiƙon hannu ya zauna a kai, wurin ya fi ko'ina ƙuna, shi ke nan. In an taɓa, a goge da sifirit."

Auta ya karɓi ƙwan ya fito. Ya je ya ce wa tsohon me? Wallahi gara motar ta makance gaba ɗaya.

Sai ya sayi sifirit da auduga. Baba ya murza sabon ƙwan son ransa, Auta ya fita ƙofar gida ya goge, ya sa, ya dawo ya kama hannun tsohon ya yi godiya. Ƙwan nan ya ƙi mutuwa.

Bayan watanni na ɗaya gefen ya ƙone don kansa. Auta ya kawo sabo, ya durƙusa ya miƙa. Baba bai karɓa ba.

"Wancan karon hannunka warin asibiti yake. Nawa hannun ne ke kashe su, ko?"

"Haba Baba."

"Ƙarya ma ba ka iya ba. Ido na rasa, ba hanci ba."

Baba ya laluba aljihu ya fiddo hankici wankakke, an ninke shi tsaf, da gani ya daɗe yana jiran ranar. Ya lulluɓe yatsunsa, ya karɓi ƙwan, ya kai kunne. Ya daɗe yana girgizawa.

"Wannan zai yi," in ji shi.