Akwatin da ya ƙi hannun Kalilu

Shekara ashirin da huɗu Kalilu ya yi yana yankan hoton fasfo a shagon Iorkyaa da ke kan titin Makurɗi, a Lafiya. Almakashinsa ɗaya ne, baƙi, ya naɗe kunnensa da zare. Bai yi boko ba, allo kawai ya yi, amma in ya yanka hoto kai na tsakiya, kunne biyu sun fito, kafaɗa daidai.

Sai Erdoo, babbar 'yar Iorkyaa, ta gama karatun kwamfuta ta dawo gida. Ita ce wadda Kalilu ya sha kaiwa firamare a keke. Ta rubuta wa ubanta manhaja, aka sayo ƙaramin injin yanka. Yanzu aikin shi ne ka danna maus, linzamin kwamfuta, a gefen kan mutum a hoto, ka ja, wani akwati mai siririn layi ya biyo hannunka. In ka saki, kwamfuta ta ɗauki abin da ke ciki ta jera takwas a takarda ɗaya.

Da farko akwatin bai yi wa kowa daɗi ba. Ƙyaftawa yake yi kamar ƙwan fitila mai shirin mutuwa, yana barin layuka a fuskar mutane. Kwana uku Erdoo tana kansa. Ta ce wa Kalilu a da kwamfutar kai tsaye take zane a kan hoton, ta goge ta sake, shi ya sa ido ke kamawa. Yanzu ta sa ta gama zanen a ɓoye sannan ta nuna gaba ɗaya. Ta ja maus, akwatin ya bi ta sumul.

Kalilu ya zauna, ya danna, ya ja. Ba akwati. Ya saki, kwamfuta ta fitar da farar takarda.

Erdoo ta karɓa ta ja, ya fito. Iorkyaa, wanda yatsunsa suka yi kauri da noman doya a Kwandare kafin ya san kamara, shi ma ya ja, ya fito. Kalilu ya sake, ba komai.

Lokacin rajistar jarrabawa ne, ɗalibai sun yi layi har bakin kwata. Iorkyaa ya ce masa a gabansu tsufa ne, hannunsa ya fara rawa. Ya ba shi zuwa Juma'a. In bai iya ba, kujerar ta Seember ce, ƙanwar matar Iorkyaa, wadda ta daɗe tana zaman banza a gida.

Kalilu ya tashi daga kujerar. Da ya koma gida ya cika kofi da ruwa har baki, ya miƙe hannu ya tsaya a tsakar gida, matarsa Ikilima tana kallonsa daga bakin murhu. Ko ɗigo bai zuba ba. Ta ce to ya je ya nuna wa Oga haka mana. Ya ce Oga ba kofi yake so ba.

Kullum kafin a buɗe shago yana can yana ja. Ya ja a hankali, ya ja da sauri. Ya goge ƙasan maus da hularsa, ya canja masa faifai. Sau biyu akwatin ya fito, bai san abin da ya yi daban ba, sai ya sake ɓacewa. Ɗalibai suka sa masa suna Baba Farar Takarda.

Ran Juma'a da safe ya tarar da Seember a kujerarsa, ta cire matashin da Ikilima ta ɗinka masa ta ajiye a ƙasa. Iorkyaa ya ce ba korarsa ya yi ba, akwai janareto da shara da jera mutane a layi. Kalilu ya ce ya gode. Ya buɗe durowa ya ɗauki almakashinsa.

Erdoo ta tare shi a ƙofa.

"Baba Kalilu, sau ɗaya. Ka ja in gani."

Duk kwanakin nan allon kwamfutar take kallo. Yau ta kalli hannunsa. Ya ɗora maus a saman kunnen mutumin da ke hoton ta dama, ya jawo zuwa hagu, yadda ya saba ɗora alƙalami a allo tun yana ɗan shekara biyar, yadda kuma yake shiga hoto da almakashi.

Ta jawo kujera ta zauna. Sannan ta ce, a hankali, ita ta rubuta cewa inda aka fara dannawa shi ne kusurwar hagu. Duk wanda ya ja baya, faɗin akwatin sai ya zama ƙasa da sifili, kwamfuta ta ƙi zana komai. Ba ta taɓa gwadawa daga dama ba. Ba ta ma taɓa tunanin wani zai fara daga can ba.

Ta sauya layi biyu a manhajar. Ko shayin Seember bai huce ba ta gama.

Kalilu ya ja daga dama. Akwatin ya bi hannunsa ba gargada. Kai a tsakiya, kunne biyu, kafaɗa daidai. Ya yi na biyu, ya yi na uku, ya fi na kowa a shagon.

Erdoo ta kira ubanta ta gaya masa laifinta ne, hannun Baba Kalilu lafiyarsa ƙalau. Iorkyaa ya dubi hotunan, ya sosa ƙeya, ya dubi Seember da ke danna waya.

"Malam Kalilu, ka gani ko, na riga na faɗa wa madam. Ba zan iya canja magana yanzu ba. Kuma kai ma, kowa daga hagu yake ja."

"Kwana biyar kana gaya wa yara hannuna ya mutu, Oga."

"To ai yanzu an gyara."

"An gyara wa Seember."

Kalilu ya sunkuya ya ɗauki matashinsa, ya kaɗe shi, ya sa almakashi a aljihu. Erdoo ta bi shi har bakin titi tana ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, aikinta ya yi kyau, akwatin na tafiya sumul. Ya tsayar da keke napep ya shiga.