Wayar da Torkula Ya Ɗaura

Tsawon bishiyar bai kai kamu biyu ba, amma shekararta ashirin da shida. A wani kasko marar zurfi take, a bakin tagar falon Usaina a unguwar Azuba. Ta maƙwabciyarta ce, Madam Francisca, wadda ta tafi Makurɗi jinyar 'yarta. Mijin Francisca, Torkula, shi ne ya reni bishiyar tun tana reshe, kuma bara ya rasu.

"Bonsai ake ce mata," in ji Francisca ranar tafiya. "Ruwa sai ƙasa ta bushe a sama. Kar ki ɗaga daga taga. Shi ke nan abin da Oga ya bar mini mai numfashi."

Kwana huɗu bayan haka mahaifin Usaina, Malam Salmanu, ya zo daga Adogi ganin likitan ido. Manomin doya ne. Tun bai zauna ba ya tsaya kan kaskon. Ya duba ɓawon da ya tsattsage kamar na tsohuwar ɗorawa, da ganyaye masu sheƙi da ba su kai farce ba, da wayar tagulla da ta nannaɗe rassan.

"Wa ya ɗaure wannan? Sata ta yi?"

"Haka ake renonta, Baba. Don Allah kada ka taɓa."

"Reno? A kwanon miya?"

Washegari Usaina ta tafi aiki. Da ta dawo da la'asar, babu bishiyar a kaskon. A tsakar gida mahaifinta ya tara ƙasa irin ta shukar doya, ya cakuɗa da kashin shanu, ya dasa bishiyar a ƙoli, cikin rana tsaka. Wayar kuma ya warware ta, ya naɗe, ya ajiye kan tebur. Ganyayen sun riga sun yi yaushi.

"Nan da damina biyu za ki sha inuwa," ya ce.

Usaina ta kira Francisca ta faɗa mata komai. Francisca ta ba da umarni: a tono da hannu, a wanke takin, a mayar cikin tsohuwar ƙasarta, a kai inuwa.

Malam Salmanu ne ya tono. Da ya zuba ruwa ƙasar ta zube, sai ya dakata. Babu uwar saiwa mai nutsewa ƙasa. Saiwoyin sirara ne kamar gashi, shimfiɗe a kwance, ko'ina da alamar tsohon yanka.

"Da gangan aka yi wannan," ya ce a hankali. "Shekara da shekaru mutum ɗaya yana yi."

"Ashirin da shida, Baba."

"Ikon Allah. Ta girmi ƙaninki."

Cikin mako guda ganyen ya zube, saura bakwai. Kullum da safe Malam Salmanu yana ƙirga su. Likita ya sallame shi, ya ƙi komawa Adogi. Yakan tura yatsa cikin ƙasar kafin ya zuba ruwa da cokali. A rana ta goma sha biyu ya kira 'yarsa da ƙarfi. Wani toho kore, bai kai ƙwayar gero ba, ya fasa tsohon ɓawon. Washegari suka zama biyar.

Francisca ta dawo ranar Asabar, ko jaka ba ta kai gida ba. Ta durƙusa gaban kaskon, ta bi rassan da yatsa. Duk inda waya ta zauna akwai zurfin tabo.

"Madam, laifina ne," in ji Malam Salmanu. "Amma wayar nan ta ci jikinta, kamar igiya a wuyan maraƙin da ya girma."

"Na sani, Baba. Wata shida ya kamata ta yi. Oga ya ɗaura da hannunsa, sai ya kwanta ciwo. Na kasa cirewa."

Ya miƙa mata wayar a naɗe. Ta saka a jaka, ta sake duban tohon.

"Wa yake ba ta ruwa?"

"Ni."

"To bar ta nan sai ta gama fitowa. Amma Baba, taki ya isa haka."