Bugun Orrin a Wasan Ƙarshe

Bara mu 'yan Kwalejin Cedar Bluff ba mu ci wasa ko ɗaya ba a ƙwallon ƙafa irin na Amurka har watan Nuwamba ya kama. Wasa tara, duk an lallasa mu. Tun ana zuwa kallonmu da ganguna, har ya zamana iyayenmu ne kaɗai ke zuwa, su ma a ƙudundune cikin bargo.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne Orrin Tabor, mai buga mana ƙwallo ta bi tsakanin turaku. Ɗakinmu ɗaya, kuma ni ke dafe masa ƙwallon a ƙasa in zai buga. Sau biyu nasara na hannunmu ya buga ta kauce. Tun daga nan ya daina shiga ɗakin cin abinci, sai dai in riƙo masa burodi da nama.

"Dell, ni fa na gama," ya ce da ni ranar Alhamis, yana kwance ya zuba wa silin ido.

"Ka gama me? Wasa ɗaya ya rage. Tsaya a ƙarasa cin mutuncin namu tare."

Ranar Asabar 'yan Kwalejin Harlan suka zo, iska na kaɗowa daga gonakin masara kamar za ta yanke kunne. Abin mamaki, muka riƙe su. Lokaci na gab da cika suna gabanmu da maki biyu kacal, mu kuma mun matso kusa da turakunsu, ga shi bugun da ya bi tsakaninsu maki uku ne. Koci Lindqvist ya waiwayo.

"Tabor, shiga."

"Koci, iskar nan fa..."

"Iska ta kowa ce. Shiga, yaro."

Na durƙusa a kan ciyawa, yatsuna sun sandare. Wani ƙato daga cikin 'yan Harlan ya ɗaga murya: "Jama'a, ku janye motocinku, Orrin zai buga!" Har alƙalin wasa sai da ya murmusa.

Aka wurgo mini ƙwallo, na dafe, Orrin ya sa ƙafa. Ta tashi a karkace tana tangaɗi, ta daki turken hagu, ta faɗo kan sandar da ta haɗa turakun biyu, ta ɗan yi jim, sannan ta gangara ciki. Alƙali ya ɗaga hannu biyu sama, alamar ta shiga.

Ni kam zama na yi daɓas. Orrin kuwa idonsa a rufe yake.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, ɗan'uwa."

"Dell, kar ka yi mini wasa."

Kafin in rantse masa, sauran yaran sun danne shi. Da ƙyar Koci ya zaƙulo shi ta wuyan riga, ya ce tunda yake aikin nan bai taɓa ganin mummunan bugu irin wannan ba.

"Maki uku dai ne, Koci," in ji Orrin, hawaye na bin kumatunsa.

Mu ne dai na ƙarshe a rukuninmu, nasara ɗaya tal. Babu wanda ya damu. Muna fita daga fili muka ji ana ta danna hon a wajen ajiye motoci. Ashe mahaifin Orrin ne, wanda ya kasa kallon bugun ya gudu cikin tsohuwar motarsa ta gona ya rufe gilashi, sai da wata mata ta ƙwanƙwasa ta faɗa masa.