Sai Akong Ya Yarda Sau Uku

Motar kwasar kaya ta iso tun hantsi, an loda gado da firji da tukwane, amma Ama ta ce ba inda za ta sai mijinta ya yarda. Mijin kuwa shekararsa guda a ƙasa.

Peishan ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kakarta. Gidan kullum ƙara nutsewa yake, kamar sauran gidajen ƙauyen da ke bakin teku. Daminar bara ruwa ya kai wa tsohuwar har ƙugu, gobe kuma an ce wata guguwar na tafe. Baban Peishan, Bunhiong, ya gyara mata ɗaki a Taichung. Abin da ya rage kawai a ɗauke allon katakon da ke ɗauke da sunan Akong, marigayi mijin Ama, daga kan teburin turare, shi kuwa ba a ɗaga shi sai an nemi izinin mai shi.

Bunhiong ya durƙusa da 'yan katakai biyu masu siffar jinjirin wata, ya faɗi sunansa da adireshin sabon gida, ya sake su a ƙasa. In ɗaya ya kife ɗaya ya faɗi rigingine, mamaci ya yarda. In duka suka kife, ya ƙi. In duka suka yi rigingine, dariya yake yi.

Duka suka yi rigingine.

"Kun gani ko," in ji Ama. "Halinsa ke nan. Ranar da aka je nema masa aurena ma haka ya yi ta washe baki kamar wawa."

Aka sake. Wannan karon ya yarda, Peishan har ta sunkuya za ta ɗauki jaka.

"Ajiye," Ama ta ce. "Tashin gida ne, ba sayen gishiri ba. Sai ya yarda sau uku a jere."

Na biyun ya ƙi.

Gwaggo Siukim, ƙanwar Bunhiong, ta ture yayanta gefe. "Kai ba ka iya magana da shi ba, tun yana raye. Kamar kana karanta labarai a rediyo." Ta zuba giyar shinkafa a ƙaramin kofi, ta kunna taba ta ɗora a gefen faranti. "Baba, ga abin da likita ya hana ka. Can ba likita."

Ya yarda, ya yarda, sai ya yi dariya.

Direban ya danna oda a waje. Peishan ta shekara tara a Kanada tana karatun lissafi kafin ta dawo ta kama aiki a Taipei, ta san katako ba ya jin magana, ta kuma san in an daure ana jefawa dole a dace. Amma kowace jifa sai an yi mata dogon jawabi, jawabin kuma sai ya ja labari. Yadda Akong ke kwana a bakin tafkin kifinsa in sanyi ya tsananta, yana lallaɓa kifaye kamar jarirai. Yadda ya goya Siukim a keke cikin ambaliya ya kai ta jarrabawa, ya manta takalmanta a gida. Yadda bai taɓa cewa eh kai tsaye ba, sai dai ya yi dariya, washegari ka tarar ya yi abin. Haka ya yi wa Peishan da ta ce za ta tafi karatu: dariya, sannan ya wayi gari yana cusa mata busasshen kifi a akwati.

Hadari ya fara haɗuwa. Bunhiong ya yi alkawarin ajiye allon kusa da taga. Ya ƙi. Siukim ta yi alkawarin dafa masa kan kifi duk ranar tunawa da shi. Dariya.

"Ama, ruwa zai sauko," Peishan ta ce. "Mu tafi, ya ƙarasa yardar a can."

"Ke 'yar Kanada, haka ake yi a wurinku? A sungumi tsoho kamar buhun shinkafa?" Ama ta gyara zama a kan kujerar da ta rage. "Ku tafi. Ni da shi mun saba da ruwa."

Ran Peishan ya ɓaci. Ta karɓe katakan daga hannun gwaggonta, ko durƙuson kirki ba ta yi ba.

"Akong, ni ce Peishan. Ka ishe mu. Matarka za ta nutse kana ta raha. Me kake so? In riƙa zuwa daga Taipei duk Asabar ina cin abinci da ku? To, zan zo. Tashi mu tafi."

Ya yarda.

Ta sake jefawa. Ya yarda. A na ukun ɗaya katakon ya gangara ƙarƙashin tebur, Siukim ta bi shi da rarrafe, ta leƙa, ta ɗago tana tafa hannu.

Kafin Peishan ta buɗe baki Ama ta miƙe, jakarta a hannu, takalma a ƙafa.

"Duk Asabar," tsohuwar ta ce. "Kowa ya ji."

"Ama, wani lokacin ina aiki ranar Asabar."

"Ba ni kika yi wa alkawari ba. Shi za ki gaya wa."

Tun da ita ya amsa wa, ita aka ba ɗaukarsa. Bunhiong ya riƙe mata baƙar lema har mota, ya sa ta gaba da allon a cikin kwando a kan cinyarta, turare na ci mata ido. Ama ta matse a gefenta.

Suna fita daga ƙauyen yayyafi ya soma. Da suka doshi gadar farko Ama ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Gaya masa za mu hau gada, kar a bar shi a wannan tsallaken."

Peishan ta dubi direban. Shi hanya kawai yake kallo.

"Akong," ta ce, "gada."

"Da ƙarfi. Kin san kunnensa."