Jariri a Gicciye

"Sauko a hankali," in ji Likita, tana cire safar hannu ta jefa a kwando.

Auta ta sauko daga gadon awo da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ƙarfen gadon. Saura sati biyu cikinta ya cika wata tara, kuma kwana biyar ke nan ko fitsari za ta yi sai ta cije leɓe. Tun sassafe take kan bencin asibitin, ƙafafunta sun kumbura har igiyar takalmi ta yi musu zane.

Likita ta buɗe sakamakon gwajin da aka yi mata shekaranjiya, ta faɗi sunan cutar da Turanci. Sunan bai zauna wa Auta ba, bayanin ne ya zauna.

"Ƙwayar cuta ce, ita ke fitar miki da ƙurajen nan masu ruwa a gaba. Ta kwanciyar aure ake ɗauka. In ta shiga jiki ba ta fita, sai dai ta kwanta, ta tashi."

"Likita, ni wallahi ban taɓa..."

"Ban tambaye ki ba. Shi kansa maigidan zai iya kasancewa ɗauke da ita shekara goma bai sani ba. Ba wannan ne a gabana ba yau. Da tsohuwar cuta ce a jikinki, da jikin ya riga ya tanadar wa jaririn kariya. To gwaji ya nuna sabuwa ce. In jaririn ya biyo hanyar haihuwa zai iya ɗauka, kuma a jariri ba a fata take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa takan taɓa. Shawarata a yi miki aiki, Alhamis mai zuwa. Ga magani, ki fara yau."

Ba wuƙar ce ta tayar wa Auta da hankali ba, Mama ce. Shekara talatin da ɗaya mahaifiyarta ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya, kuma jikokinta tara duk a hannunta suka faɗo, har da biyun Auta. Mace ce da ba a ce mata "an ce". Sai ta tambayi wa ya ce, me ya gani, da wane idon.

"Don Allah ki rubuta wani dalilin a kati," in ji Auta. "Ki ce jaririn ne a gicciye."

"Ba na rubuta abin da ban gani ba. Katin zai zauna a nan. Abin da za ki faɗa a gida kuma, bakinki ne."

A tashar bas ta kira maigidan. Mai walda ne, sai da ya fita daga shago kafin ƙarar ƙarfe ta bar su su ji juna.

"Yaya awon?"

"Aiki za su yi min. Kuma sun ce kai ma ka zo a duba ka."



"Ni? Me na yi?"

"Ban ce ka yi komai ba."

"Auta, na rantse da..."

"Ajiye rantsuwar, za ta yi amfani bayan na haihu. Yau ba ni da ƙarfinta."

Ta kashe wayar. Ba ta san ko haushinsa take ji ba, ko tausayinsa. Abin da ta sani shi ne ta gaji, gajiyar da ko kuka ba ta barin mutum ya yi.

Bas ɗin ya cika maƙil. Wani dattijo ya tashi ya ba ta kujera, ta zauna a kan cinya ɗaya saboda raɗaɗi, tana bitar ƙaryarta kamar mai hadda. Ba haka kawai ta zaɓe ta ba. Tun tana yarinya take jin Mama na zagin likitoci a kan saurin yanka mata, amma in aka ce ɗa ya kwanta a gicciye, sai ta ce wannan ba gardama. Auta ta tuna bakin Mama sarai. Hannunta ne ta manta.

Gidan Mama ta wuce. Ta same su a ɗaki, Mama a kujera da tabarau a kan hanci, Yaya, babbar 'yar Mama, a ƙasa tana ninke kayan jarirai.

"Ga uwar tafiyar agwagwa," in ji Yaya. "Wannan karon ƙato za ki sauke mana."

"Ina katin?" in ji Mama, ko gaisuwar ba ta gama amsawa ba.

"Sun riƙe. Wai a gicciye yake. Aiki za su yi ranar Alhamis."

Yaya ta saki rigar da ke hannunta. "Aiki? Likitocin yanzu ko atishawa kika yi sai su ɗauko wuƙa. Mama, ki duba ta mana."

"Hau gado," in ji Mama.

"Mama, na gaji."

"Kwanciya na ce ki yi, ba noma ba." Ta juya ga Yaya. "Ke kuma je ki dafa mata shayi."

Mama ta murza tafukanta suka yi ɗumi, ta ɗora a saman cikin, ta bi gefe da gefe, sannan ta kama ƙasan mara da yatsu. Ko minti ɗaya ba ta yi ba.

"Kai yana ƙasa, har ya shiga ƙugu." Ta cire tabarau. "Auta, ni za ki yi wa wannan? Tun daga ƙofa na ga tafiyarki, ba ta nauyin ciki ba ce. Ba ni maganin da suka ba ki."

Auta ta nuna jaka da haɓa, idonta a rufin ɗaki. Kunya ta rufe ta har ta ji da ma gadon ya haɗiye ta. Mama ta mayar da tabarau, ta karanta kwalin, ta juya bayansa, ta sake karantawa.

"Karon farko ne da cutar ta fito miki?"

"Haka gwaji ya nuna."

Mama ta zauna a bakin gadon. Auta ta jira tambayar da ta fi tsoro, ta wa ya kawo, amma ba ta zo ba.

"Na taɓa karɓar wani yaro," in ji Mama, muryarta ƙasa-ƙasa. "Jawur da shi, lafiyayye. Uwar ta ce min tana jin zafi, na ce kowa ma yana ji, yi nishi. Ban duba ba. Kwana tara aka dawo da shi yana fizge-fizge." Ta saka kwalin a jaka ta ja zif. "In naƙuda ta zo kafin Alhamis, ko faya ta fashe, kada ki jira ni, kada ki jira mijinki. Asibiti kai tsaye. Kin ji ko?"

"Na ji, Mama."

Yaya ta turo ƙofa da ƙafa, kofi a hannu.

"To? Ƙarya suke yi, ko? Ai na san in kika sa hannu za ki juya shi."

Mama ba ta kalli Auta ba.

"A gicciye yake," ta ce. "Na taɓa da hannuna. Wannan ba mai juya shi."

"To, tunda ke kika faɗa," in ji Yaya, ta ajiye kofin ta koma kan ninkinta.

Mama ta tashi ta shiga wanke hannu. Auta na kwance tana jin ƙarar famfon, ya daɗe bai tsaya ba.