Likitan Bakin Ƙofa

Manajan asibitin nan ya kashe mace, kuma ko fuskarta bai taɓa gani ba. Bai ɗauki wuƙa ba, bai ba ta guba ba. Farar riga ya ɗauko ya sa wa ƙanin matarsa, ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

Doka a fili take, ko mai sharar asibitin ya san ta. Duk wanda ya zo ɗakin gaggawa yana neman taimako, dole likita ko nas ta duba shi kafin a tambaye shi komai, kafin a ce masa zauna ko tafi. Manaja da kansa ya sa aka rubuta ta da manyan baƙaƙe, aka yi mata gilashi, aka rataye a bango. Yana girmama doka yadda wasu ke girmama tsohon da ya rikice: a gaishe shi da safe, a zagaye shi a wuce.

Abin da Manaja yake so a duniya shi ne yabo. A kowane taro sai ya gyara wuyan kwat ya ce, "A ɗakin gaggawarmu ba a cunkoso, ba a mutuwa." Ana tafa masa. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi ɗakin da aka gina domin masu mutuwa ya zama ba a mutuwa a cikinsa.

Ga yadda aka yi. Manaja yana da suruki, ƙanin matarsa, ƙato mai tumbi wanda ya gwada sayar da kayan waya ya karye, ya gwada aski ya yanke wa wani kunne. Yana kwance a ɗakin bayan gidan Manaja yana cin abincin yayarsa. Sai aka ɗauke shi aiki a matsayin mai kula da filin ajiye motoci. Amma ba rigar masu gadi aka ba shi ba. Farar riga aka ba shi, da abin sauraren ƙirji ya rataya a wuya, da biro uku a aljihu. Masu tasi suka sa masa suna Dokta Ƙofa don ba'a. Shi kuwa ya amsa da gaske.

Aikinsa tankaɗe ne. Wanda ya zo da jini, a bar shi ya shige, don jini a bakin titi yana tara jama'a. Wanda ya zo rai a hannun Allah, sai Dokta Ƙofa ya leƙa ta tagar mota ya girgiza kai ya ce, "Wannan ya fi ƙarfinmu, ku yi babban asibiti da shi," marar lafiya ya je ya mutu a hanya ko a gadon wasu. Sauran kuwa akwai gwajin da ya ƙirƙiro da kansa, yana alfahari da shi. A ƙarshen filin motoci akwai sandar fitila. Sai ya sa marar lafiya ya fito ya taka zuwa sandar ya dawo. In ya je ya dawo da ƙafafunsa, to ba gaggawa ba ce, ya koma gida ya dawo gobe ya bi layi.

Kada wani ya ce likitoci da nas-nas ba su sani ba. Ta gabansa suke wucewa kowace safiya. Wasu har su sauke gilashi su ce, "Dokta, an tashi lafiya?" su yi dariya su shige. Aiki ya yi musu sauƙi, shayinsu ba ya hucewa. Kura ba ta ƙin a kawo mata nama an cire ƙashi.

Matar da ya kashe tela ce. Ita ta riƙe ƙaninta tun iyayensu suka rasu, da keken ɗinkinta ta ciyar da shi har ya zama direban tasi mai iyali. Duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu, Auta take kiransa, kuma kullum da rana sai ya biya ta shagonta ya ci abinci. Ranar ya shigo ya tarar ta kifa kai a kan keke, zufa ta jiƙe mata wuyan riga.

"Yaya, lafiya? Kamar an watsa miki ruwa."

"Iska ce ta tokare min ƙirji. Ci abincinka, ka daina kallona kamar maye."

"Muƙamuƙi fa kike riƙewa."

"Haƙori ne."

"Haƙorin ne ya sauko har kafaɗa? Tun da na shigo kike matsa hannun nan. Tashi mu je asibiti."

"Rigar mutane fa? Gobe za a zo karɓa."

"Mai riga ta sa tsohuwa, ai ba tsirara take yawo ba. Tashi, ko in ɗauke ki kamar buhu a gaban maƙwabta."

"Ɗauke ni? Kai da na goya har ka yi min fitsari a baya?"

Ta tashi dai, tana mita. A mota ta zauna a baya ta jingina kai, numfashinta yana fita guntu-guntu.

Sun tarar da Dokta Ƙofa a kan kujerar roba a inuwar ɗakin masu gadi, yana kallon ƙwallo a waya. An sauke ƙarfen da ke tare mota. Auta ya danna oda. Sai da aka buga ƙwallon ta yi waje sannan Dokta ya miƙe, ya gyara riga, ya taho a hankali.

"Dokta, yayata ce. Ƙirjinta, da hannunta, ga zufa."

Ya sunkuya a taga. "Sannu, Mama. Ya jikin?"

"Da sauƙi, likita."

"To ka ji da bakinta."

"Haba Dokta, ai ko wanda ake yi wa kalmar shahada da sauƙi zai ce maka. Dubi fuskarta mana."

"Malam direba, ni na koya maka tuƙi? To kada ka koya min aikina. Mama, fito. Kin ga sandar can? Je ki taɓa ta ki dawo."

"A wannan ranar?" in ji Auta.

"Gwaji ne. Ka san gwaji?"

Auta bai san gwaji ba. Ya san injin mota, ya san hanyoyin gari, ya kuma san cewa mai farar riga a asibiti ya fi shi sanin jikin mutum. Sai ya buɗe mata ƙofar mota. Yaya kuwa mace ce da ba ta taɓa yarda a ga kasawarta ba. Ta fito, ta gyara mayafi, ta miƙe baya. Ta bi tsakanin motoci a kan kwalta mai zafi, ta dafa wannan, ta dafa waccan kamar mai duba fenti. Ta taɓa sandar. Ta ɗan tsaya. Da ta dawo fuskarta ta yi toka, ta riƙe ƙofar mota da hannu biyu.

Dokta Ƙofa ya ɗora mata abin sauraren ƙirji a kan mayafi. Bakinsa na sawa a kunne yana nan rataye a wuyansa, bai ma tuna ya sa ba. Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Garau. Wallahi Mama ta fi ni ƙarfi, ni in na je sandar nan sai na huta. Kumburin ciki ne. A sha ruwan ɗumi, a rage maiƙo. Gobe da safe ku zo ku bi layi."

"Ba za mu shiga ko nas ta gan ta ba?"

"Can ciki na masu gaggawa ne. Juya, ka tare wa mutane hanya."

Daga inda suke tsaye ana hango ƙofar ɗakin gaggawa a buɗe, fanka tana juyawa, gadaje a gyare babu kowa.

Suka juya. A hanya Yaya ta samu bakin faɗa. "Na gaya maka iska ce. Ka sa na bar aikina, ka ba ni kunya a gaban likita. Kai tun kana yaro haka kake, ƙaramin abu sai ka..." Ba ta ƙarasa ba. Auta yana jiran sauran faɗan, ya ji shiru. Ya duba madubi ya ga kanta ya karkata, bakinta a buɗe.

Ya juya motar a tsakiyar titi, ya bi hannun da ba nasa ba, ana zaginsa ana oda. Da ya iso bai tsaya ba. Ya bi ta kan ƙarfen ƙofa, gilashin gabansa ya tsage. Dokta Ƙofa ya biyo shi da gudu, tumbi yana rawa, yana ihu, "Wannan ya fi ƙarfinmu! Ku yi babban asibiti!" Har a lokacin aikinsa yake yi.

A ciki an yi ƙoƙari, ba zan hana su wannan ba. An danna ƙirji, an sa na'ura, an yi allura. Amma ƙoƙarin bayan ɓarna ne. Likitan da ke aiki ya fito yana cire safar hannu, ya ce zuciya ce, jijiya ta toshe. Sannan ya yi tambayar da suka saba yi don su ɗora wa dangi laifi.

"Me ya sa ba ku kawo ta da wuri ba? Da an sa mata na'urar auna zuciya tun farko, da an gani."

"Mun zo," in ji Auta. "Likitanku na ƙofa ya duba ta. Ya sa ta yi tafiya."

"Tafiya?"

"Zuwa sandar fitila."

Likita ya dubi nas. Nas ta dubi ƙasa. Na'urar da yake magana tana nan bayan ƙofa, an lulluɓe ta da zane don kada ta yi ƙura.

Bayan an yi jana'iza, Manaja ya zo ta'aziyya gidan Auta. Ya bar takalminsa masu sheƙi a bakin tabarma, ya zauna a gefe yana kare wandonsa. Ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya fi kowa ƙarfin amin. Da mutane suka rage sai ya matso.

"Ɗan'uwa, haƙuri za a yi. Kwana ne ya ƙare. Ko a gadon asibiti take, in lokaci ya yi..."

"Haka ne."

"Na ji motarka ta lalace. Maganar ƙarfen ƙofa da ka karya, na ce a bar ta, mu ba ma haka. Kuma motar ɗaukar marasa lafiya tamu tana neman direba. Aiki ne mai kyau, ga inifom."

"Fari?"

"Na'am?"

"Inifom ɗin, fari ne? In fari ne ka haɗa min da abin wuya, in fara duba mutane. Na ga a wurinku ba a wahalar karatu."

Manaja ya yi yaƙe. "Ɓacin rai ne, na gane."

"Ranka ya daɗe, ga takalminka can. Yayata ta taka ta je ta dawo don kada ta ba mai farar riga kunya. Ni ba ni da irin kunyarta. Mu haɗu a gaban alƙali."

A kotu ne aka ga irin ƙarfen da aka ƙera Manaja da shi. Abu na farko da ya yi shi ne ya sayar da surukinsa. Ya rantse mai kula da motoci ya ɗauka, bai san inda ya samo farar riga ba, bai taɓa lura ba. Dokta Ƙofa yana zaune cikin riga mai gajeren hannu, ya koma ƙaton banzan da yake tun asali. Da ya ji haka ya zabura, ya nuna Manaja da yatsa.

"Yaya! Kai fa ka kai ni wurin tela aka buɗa min ita, ka ce ta matse ni a ciki! Kai ka ce kada in bar mai mutuwa ya ɓata mana suna!"

Aka tsawata masa ya zauna, amma magana zarar bunu ce. Masu tasi suka zo suka ba da shaida. Mai sayar da lemo a bakin ƙofa ta zo. Sai ga mutane da ba wanda ya kira su: wani da aka sa matarsa mai ciki ta taka zuwa sandar, wata da mahaifinta ya cika a bayan mota a hanyar babban asibiti. Likitoci da nas-nas ma suka zo, kowa ya ce shi ma abin ya daɗe yana damunsa. Damuwa mai ladabi ce, ba ta taɓa fitowa daga baki ba sai da aka rantsar da su.

Lauyan Manaja ya kawo hujja biyu. Ya ce doka ta ce wanda ya zo ɗakin gaggawa, marigayiya kuwa ba ta zo ɗakin ba, a filin motoci ta tsaya. Ya kuma ce ko da an ce ta zo, ai an duba ta. Alƙali, wata dattijuwa mai tabarau, ta ajiye biro.

"Ba ta zo ba, ko an duba ta? Zaɓi ɗaya."

Lauya ya juya takardu.

"In ba ta zo ba, wa ya hana ta? In an duba ta, wa ya duba ta, da wace shaidar karatu? Duk ƙofar da ka bi, mutum ɗaya za ka tarar a tsaye, kuma wanda kake karewa ne ya tsayar da shi. Wanda ya shigo harabar asibiti yana neman ɗauki ya zo. Doka ba a bakin gado take farawa ba."

Manaja ya nemi ruwa. Ya ce jiri yake ji, yana da hawan jini, a tausaya masa saboda iyali. Aka kira nas ta auna shi nan take, kamar yadda ya kamata a yi wa kowa, aka ce zai iya sauraren hukunci.

An ɗaure surukin shekara uku saboda sojan gona. An kori likitan da ke aiki ranar da nas biyu. Manaja an ɗaure shi shekara goma, an kuma haramta masa riƙe kowane asibiti har ya mutu.